Ɗaliban Likita Masu Zuwa Aikin Sa Kai: Wane Ne Ke Cin Moriya?

A kowace shekara dubban ɗaliban aikin likita daga Ingila, Jamus, Amurka da Ostareliya sukan ɗaure kaya su nufo Afirka domin su yi 'yan makonni a asibitocinmu. Makarantun likita da yawa a can sukan ware wa ɗalibi mako huɗu zuwa takwas gab da ƙarshen karatunsa, ya tafi inda ya zaɓa ya ga yadda ake jinya. Abin ya bunƙasa har kamfanoni suka shiga ciki, suna karɓar kuɗi su shirya wa ɗalibi masauki da asibiti da yawon shaƙatawa a dunƙule. Daga Litinin zuwa Juma'a yana ɗakin haihuwa a Takoradi ta ƙasar Gana ko a Darussalam ta Tanzaniya, ranar Asabar da Lahadi kuwa yana kwance a bakin teku a Busua ko a tsibirin Zanzibar.

Mai karatu a Dandume, ko Funtuwa, ko Malumfashi zai iya cewa, ina ruwanmu da wannan, mu da ba mu da teku sai gonakin masara da shinkafa? Ruwanmu yana ciki ta hanya uku. Ƙasarmu ta daɗe da sanin baƙin likitoci. Ikilisiyoyinmu sukan karɓi ayarin masu ba da magani kyauta. Kuma 'ya'yanmu da kansu sun shiga karatun likita, wasu a Zariya da Jos da Kano, wasu a ƙasashen waje. Don haka ya kamata mu san bambanci tsakanin baƙon da ya zo taimako da wanda ya zo gwaji.

Bari mu fara da abin da idanunmu suka gani. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a Zariya tun 1905, kuma daga aikin da aka fara a lokacin ne aka sami asibitin St. Luke na Wusasa. Daga cikin jama'ar Wusasa ne Dokta R.A.B. Dikko ya fito, ya yi karatu a Birmingham, ya zama likita na farko ɗan Arewa. Daga can kuma aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950, garin nan da albasarsa ta yi suna, da kuma asibitin Jankwano na Jos a 1959. A Babbar Ruga ta Katsina, Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya iso a 1983 domin aikin kuturta, ya tarar da matan da yoyon fitsari ya raba da gidajensu, ya fara yi musu tiyata a 1984. Ya yi shekaru da dama yana wannan aiki, ya gyara dubban mata, ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya na gida, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta aikin yoyon fitsari.

Ko a nan kusa da mu, a shekarun 1970, masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun yi shekaru a ƙasar Malumfashi suna bin ƙauyuka, suna nazarin zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya, da saran kububuwa da ke kashe manoma a lokacin noma da girbi.

Idan muka duba waɗannan ayyuka duka, abu ɗaya ne ya haɗa su: mutanen sun daɗe, sun yi aiki da 'yan gari, sun kuma bar wani a bayansu. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Baƙon da ya san shi raɓa ne, shi ne yake shayar da kabar kafin rana ta ɗaga.

To ɗalibin da ya zo na mako shida fa? Gaskiyar magana, shi ne ya fi kowa samun riba, kuma babu laifi a cikin haka muddin ya yarda da ita. Zai ga zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro, da tamowa, da sanƙarau, da ciwon sikila, da naƙudar da ta kwana biyu a gida kafin a kawo mace asibiti, abubuwan da a ƙasarsa sai dai a littafi. Zai koyi gane cuta da hannu da kunne inda babu na'ura. Amma kowane awa da likitan gida ya ɓata yana yi masa bayani, da kowace nas da ta bar aikinta tana yi masa tafinta, daga lokacin majinyata aka cire shi. Shi ya sa asibiti mai tsari yakan ƙayyade yawan ɗaliban da zai ɗauka.

Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da aka ga farin kaya da abin sauraron ƙirji a wuya, sai jama'a su ce ai babban likita ne ya zo daga Turai. Ma'aikata sun yi ƙaranci, layi ya yi tsawo, sai a miƙa wa ɗalibi allura da zare, ko a bar shi ya karɓi haihuwa shi kaɗai, abin da ba za a taɓa barinsa ya yi a ƙasarsa ba. Matar da ta fito daga ƙauye ba ta san ɗalibi ba ne, ba ta jin harshensa, kunya kuma ba za ta bar ta ta tambaya ba. Jikin talaka ba allon koyon rubutu ba ne da za a wanke a sake.

Kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta isa ba, kuma wannan darasi ya shafe mu masu bi kai tsaye. A garin Jinja na Uganda, wata 'yar mishan daga Amurka mai suna Renee Bach, wadda ba ta da horon likita, ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa. Hukuma ta rufe cibiyar a 2015, ita kanta kuma ta faɗa cewa yara 105 ne suka mutu cikin waɗanda aka kwantar. Ta ce yaran sun iso ne a galabaice, ta kuma musa cewa ta taɓa kiran kanta likita. A 2019 uwaye biyu suka kai ƙara, a 2020 aka sasanta da biyan kuɗi ba tare da ta amsa laifi ba. Mu a Arewa kuma ba mu manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka mutu. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano, kuma rashin yardar da abin ya haifar yana cikin dalilan da suka sa aka ƙi allurar shan inna a 2003. Amana idan ta karye a asibiti, yaran da ba a haifa ba tukuna su ma sukan biya.

Masana ba su yi shiru ba. A 2010 wani kwamiti na ƙasa da ƙasa, wanda John Crump da Jeremy Sugarman suka jagoranta, ya fitar da ƙa'idojin irin wannan tafiya. Ga gundarinsu: ɗalibi kada ya wuce matakin horonsa, ya kasance ƙarƙashin idon ƙwararre, ya koyi wani abu na harshe da al'adar wurin kafin ya taso, a biya asibitin da ya karɓe shi ɗawainiyarsa, kuma musayar ta zama ta ɓangare biyu. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda ta fara jinyar yara masu tamowa a Katsina a 2021, ba ta tura ɗalibai fagen aiki, sai wanda ya gama karatu ya kuma yi aiki. A Nijeriya ma, likitan da ya zo daga waje dole ne ya yi rajista da hukumar MDCN kafin ya taɓa majinyaci.

Batun bakin teku kuwa, ba mu ga zunubi ga wanda ya yi aiki ya huta ba. Manomi ma yakan zauna a inuwa bayan ya kai kunya. Abin tambaya shi ne, wanne ne tuwo, wanne ne miya? Idan aka zaɓi asibiti domin yana kusa da teku, aka kuma ɗauki hoton yaro mai tamowa aka sa a Facebook tsakanin hotunan ninƙaya ba tare da iznin uwarsa ba, to majinyaci ya zama abin kallo. Wannan ne ma ya sa wuraren da ba su da teku, waɗanda hanyarsu ke da wuya, ba su cika ganin irin waɗannan baƙi ba. Ga Dandume da Sabuwa da Faskari kuma, matsalar 'yan bindiga ta ƙara nisanta mu da masu zuwa daga waje.

Saboda haka idanunmu su koma kan 'ya'yanmu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa Nijeriya da Nijar cikin ƙasashe 55 da suka fi fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, ga shi likitocinmu suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. Yaron da ya tashi a nan, yana jin Hausa, ya san dalilin da ya sa miji ke jinkirin kai matarsa asibiti, ya san kuɗin magani sai an sayar da buhun masara, yana da abin da baƙo ba zai samu a mako shida ba. In yana marmarin ganin aiki a wata ƙasa, ba sai ya haye teku ba. Ga Galmi, ga kuma Danja ta kusa da Maradi, ba Danja tamu ta wajen Bakori ba, inda ake jinyar kuturta, aka kuma buɗe cibiyar yoyon fitsari a 2012. Majinyatan can da Hausa za su yi masa magana. Sai dai ƙa'idar ba ta canza ba: ya nemi izni ta hannun makarantarsa, ya faɗa wa kowane majinyaci cewa shi ɗalibi ne, kada kuma ya bar 'yan'uwa su mai da shi likitan gida tun bai gama ba.

Ga fastoci da dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata, idan wani ayari ya nemi harabar majami'a domin ba da magani kyauta, a karɓe su da murna, amma a yi tambaya. Wane ne likita mai lasisi a cikinsu? Shin hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma ta sani? Magungunan nan, yaushe wa'adinsu zai ƙare? Mai hawan jini da aka ba maganin wata ɗaya, wa zai duba shi a wata na biyu? Mu tuna cewa Basamariyen nan na misali bai tsaya ga ɗaure rauni ba: ya kai mutumin hannun wanda ke zaune a wurin, ya bar kuɗin ɗawainiya, ya yi alkawarin dawowa.

Kuma a lokacin godiyar kaka, sa'ad da buhuna ke shigowa gaban bagadi, me zai hana kowace gunduma ta ware 'yan kaɗan domin kuɗin makarantar ɗalibin likita ko ɗalibar unguwarzoma guda ɗaya daga cikinmu? Karatun likita shekara shida ne, sannan shekarar horo a asibiti. Tafiya ce mai nisa, amma wanda muka riƙa da hannunmu ya fi sauƙin tunawa da hanyar gida.

Ubangiji ya sa wa baƙinmu albarka, ya ba 'ya'yanmu zuciyar hidima, ya kuma ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.