Ƙarar da Kan Riga Bugawar Inji Zuwa

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta da yammacin ranar aiki, ya taso daga Iyana Ipaja ya wuce Ile Epo da kasuwar Katangowa, ya san irin cunkoson da akan sha kafin a kai gadar sama ta Abule Egba, wadda aka buɗe a shekarar 2017 zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode. Ya kuma san cewa da zarar hanya ta ɗan saki, kowane direba sai ya danne totur domin ya haye kafin ta sake rufewa. A kan wannan hawan ne, sa'ad da inji ya riga ya gasu da zafin tsayuwa, ga fasinja an cika maƙil, ga dilolin gwanjo an ɗaure a baya, mai kasa kunne zai ji wata siririyar ƙara tana tashi daga gaban wasu motocin, ƙaras-ƙaras-ƙaras, sai ka ce an zuba tsakuwa cikin gwangwanin madara ana girgizawa. Da an fara gangara, direba ya ɗaga ƙafa, sai ta yi tsit. Shi ya sa galibin masu mota ba su ɗauke ta a bakin komai ba.

Mu Hausawa in muka ce “inji ya buga”, muna nufin mai aukuwa ta riga ta auku: mota ta tsaya cik, sai a ja ta zuwa gareji, a sauke inji, a aika yaro kasuwar Ladipo neman wani. Amma ita wannan 'yar ƙara mai zuwa tun da sauran lafiya ba mu raɗa mata suna ba, alhali kuwa ita ta fi cancanta a san ta, domin sau da yawa ita ce 'yar aiken da bugawar kan turo watanni kafin ta iso da kanta. Bari mu kira ta ƙarar tsakuwa.

A cikin injin fetur, fistan yakan zuƙo iska gauraye da mai, ya taso ya matse su har su koma wajen kashi ɗaya cikin goma na girmansu, sa'an nan fulogi ya ƙyasta wuta gab da fistan zai kai ƙololuwa. Abin da maƙeran inji suka nufa shi ne wutar ta ci bisa tsari, ta fara daga bakin fulogi ta yaɗu zuwa gefe, kamar yadda wutar daji kan bi busasshiyar ciyawa daga wannan baki zuwa wancan, domin ƙarfinta ya tura fistan ƙasa turi mai laushi. To, amma yayin da wutar ke tafe, tana ƙara matse ragowar man da ba ta kai gare shi ba, tana kuma ƙara masa zafi. Idan zafin da matsin suka wuce abin da zai iya jurewa, sai ya kama da kansa, ya fashe gaba ɗaya tun wuta ba ta iso ba. Girgizar wannan fashewa, wadda ke kai da komowa tsakanin bangon silinda sau dubbai cikin daƙiƙa guda, ita ce kunne ke ji kamar tsakuwa. Turi ya koma duka ke nan. In kaɗan ne, na ɗan lokaci, inji yana iya shanyewa. Amma in abin ya dawwama, sai ya riƙa ɓantarar kan fistan, ya karya ringi, ya ƙone gasket, ya gajiyar da metal ɗin da ke rungume da karanshaf, wanda cinyewarsa ce ainihin abin da muke kira bugawa. Ƙarar tsakuwa tana kuma da 'yar'uwa mafi sharri, wato inda wani ɗan gawayi ko bakin fulogi ya yi ja don zafi, ya kunna mai tun lokacin ƙyastawa bai yi ba. Wannan tana iya huda fistan kafin direba ya sami wurin tsayawa.

Illar ƙarar tsakuwa ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Harry Ricardo na Ingila ya zurfafa bincike a kanta tun zamanin Yaƙin Duniya na Farko, ya tabbatar da cewa mai ya bambanta da mai wajen haƙurin matsi. A shekarar 1921 Thomas Midgley, ma'aikacin ɗakin binciken kamfanin General Motors a Amurka, ya gano cewa ɗigon wani sinadarin dalma cikin fetur yana kashe ƙarar, aka yi murna aka yaɗa shi ko'ina, kafin a farga cewa an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin dalmar da ke fita ta salansa guba ce mai dakushe basirar yara. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun rabu da wannan fetur a farkon 2006, Aljeriya kuma, wadda ta zama ta ƙarshe a duniya, ta bar shi a 2021. Abin da ya wanzu daga wancan zamani shi ne ma'aunin da ake kira oktan. Lambar oktan tana nuna haƙurin mai ne, ba ƙarfinsa ba, wato gwargwadon matsin da zai jure kafin ya kama da kansa. Fetur ɗin da aka ƙayyade wa kasuwarmu yana wajen 91, na yau da kullum a Turai kuwa 95 ne. Saboda haka motar da aka ƙera don can, ta shigo ta Kwatano ko ta Apapa, tun farko ba ta da wani rarar haƙuri mai yawa, balle a ba ta man da aka sirka, ko wanda aka dafa a ɓoye cikin fadamun Neja Dalta ba tare da ya bi matakan da matatar mai ke bi don ɗaga oktan ba.

Na gamu da wannan a watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da ƙima, hukuma ta janye shi, layin mai ya miƙe a Legas da Abuja. Da na gaji da kwanan layi, sai na sayi lita goma wurin wani ɗan bumburutu, washegari kuwa tsohuwar motata ta fara kaɗa tsakuwa a kan gadar nan. Na kai ta wurin wani dattijon bakanike a wajen Oko-Oba, mutumin ƙasar Kano wanda ya yi furfura a Agege. Bai ko taɓa bonet ba sai da ya gama tambaya, kamar likitan da ya san aikinsa.

“Malam, yaushe take yi? Da sanyin safiya, ko in ta yi zafi?”

“In ta yi zafi, Baba, musamman a hawa.”

“In ka ɗaga ƙafa fa?”

“Sai ta yi shiru.”

“Fitilar baƙin mai tana kamawa?”

“Ko sau ɗaya.”

“To, alhamdu lillahi, ciwon bai sauka ƙasa ba. Ina ka sha mai?”

Da na faɗa masa, sai ya ɗebo kaɗan ya zuba a tafin hannunsa ya hura. Fetur na ƙwarai nan take yakan bushe ya bar hannu fari fat; wannan kuwa ya bar maiƙo. Ya sa yaransa suka juye tanki, bayan ya kori mai shan taba ya kuma sa an kashe janareto, domin mutanen wannan yanki, waɗanda suka ga gobarar bututun mai ta Abule Egba ran 26 ga Disamba 2006, wadda ta ci rayuka ɗaruruwa, ba su bukatar a yi musu wa'azi a kan tururin fetur. Aka zuba mai mai kyau, muka zaga, ƙarar ta ragu amma ba ta ɗauke ba. Sai ya kunce fulogi ɗaya ya nuna mini bakinsa, ya yi fari ƙal da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa barkono, ya duba distiribita, ya girgiza kai ya ce, “Wani ya ƙara maka taimin don mota ta yi gudu.” Ya haska da fitilar taimin, ya mayar da lokacin ƙyastawa kan alamarsa. Kuɗin aikin bai kai na taya ɗaya ba.

Hikimar tambayoyin dattijon ita ce rarrabe sauti da sauti, domin kowane yana da lokacinsa da muryarsa. Ƙarar tsakuwa siririya ce, tana zuwa in inji ya yi zafi yana jan nauyi, tana tafiya in an sassauta totur. Ƙarar metal kuwa mai kauri ce, daga ƙasan inji take fitowa, ƙwam-ƙwam kamar ana buga ƙofar katako, tana bin gudun inji ko da mota a tsaye take, sau da yawa kuma fitilar baƙin mai kan riƙa ƙiftawa. In bakanike ya cire wutar silinda ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan mai ciwon sai sautin ya yi sanyi, in ya tace baƙin man kuma zai ga garin ƙarfe yana ƙyalli. Wanda ya ji wannan ya kashe mota nan take, domin kowace kilomita da ya ƙara tana iya mayar da canjin metal ya zama sayen inji. Akwai kuma tik-tik ɗin bawul daga saman inji, da ƙwanƙwasar fistan mai sako-sako wadda ake ji da sanyin safiya ta ɓace in inji ya ɗumama. Waɗannan biyu suna ba da lokaci. Tsofaffin makanikai kan ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, su kara mariƙinta a kunne, su bi sautin har inda ya fi ƙarfi.

Idan an tabbatar ƙarar tsakuwa ce, ƙa'ida ita ce a fara da mai araha kafin mai tsada. A canja mai tukuna. Sa'an nan a duba zafi: ko ruwan lagireto ya ragu, ko hanyoyinsa sun toshe da tsatsa, ko fanka ba ta tashi, a nan ya kamata a faɗi cewa al'adar cire tamostat da jefar da shi, wadda ta zama ruwan dare a garejinmu, ba ta warkar da toshewar lagireto, ɓoye ta kawai take yi, ta kuma bar inji yana aiki da sanyi yana tara gawayi. Bayan haka a duba ko mai yana isa yadda ya kamata, domin idan iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, saboda nozul ya toshe, ko famfon mai ya yi rauni, ko wani tiyo ya tsage yana zuƙar iska, wuta takan yi zafi fiye da ƙima. A tabbata fulogin da aka sa shi ne mai lambar da aka rubuta wa motar, ba wanda ya shiga ramin kawai ba. A ƙarshe a tuna da gawayi: motar da ta shekara tana rarrafe tsakanin Agege da Oshodi, ko take shan baƙin mai, takan tara ɓawon gawayi a kan fistan, wanda ke rage fili ya ƙara matsi, ya kuma riƙe zafi.

Motocin zamani suna da nasu kunnen, wata 'yar na'ura ɗaure a jikin inji wadda ke jin girgizar tun mutum bai ji ba, ta sanar da ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ita kuma ta jinkirta ƙyastawa. Wannan rahama ce mai zuwa da sharaɗi, domin mai motar ba zai ji ƙara ba, sai dai ya ga mota ta yi nauyi tana shan mai. In na'urar ta mutu, fitilar inji takan kama a gaban direba, kwamfuta kuma takan nuna lamba irin su P0325. Manne fitilar da baƙin salatif, kamar yadda wasu ke yi, daidai yake da toshe bakin majinyaci don kada a ji nishinsa.

Manyan motoci masu shan gas, wato dizal, irin tirelolin da ke sauke shanu a mayankar Oko-Oba, hukuncinsu daban ne. Ba su da fulogin ƙyasta wuta; zafin matsi ne ke kunna man, saboda haka abin da ake so ga gas shi ne saurin kamawa, akasin abin da ake so ga fetur. In ya yi jinkiri, ya taru sa'an nan ya kama gaba ɗaya, sai a ji ƙwanƙwasa mai ƙarfi. Kaɗan daga cikinta da sanyin safiya ɗabi'ar injin ce. Amma in ta yi tsanani, ga hayaƙi fari ko baƙi, to a tuhumi nozul mai ɗiga, ko taimin ɗin injekta, ko gas da aka sirka da kananzir ko fetur, wanda ban da ƙwanƙwasa yakan hana famfon injekta santsin da yake rayuwa da shi. Nozul ɗaya mai zubar da mai ya isa ya narkar da fistan a tsakiyar hanyar Jebba.

Ran da na kai motata, da zan tafi, dattijon ya leƙo ta taga ya ce, “Malam, saura ɗaya, kuma ba na gyara shi. Ƙafarka ce.” Ya lura ina hawa da giya ta huɗu don tsimin mai, inji yana nishi a ƙaramin gudu, totur kuwa a danne, wanda shi ne yanayin da ƙarar ta fi so. Tun daga ran nan, in na doshi gadar Abule Egba, nakan sauko giya ta uku, in rage rediyo, in zuge gilashi, in saurara har in kai gangara.