Lofen Totuwar Masara

A cikin dukan abin da manomi yake samu daga masara babu wanda ya kai totuwa wulaƙanci, domin da zarar an ɓanɓare ƙwayar sai a watsar da ita bayan rumbu ko a tura ta cikin murhu. Amma a ƙasar Amurka, a wani ƙaramin gari mai suna Washinton da ke bakin kogin Mizuri, wanda ba shi ne babban birnin ƙasar ba, an fi shekara 150 ana sarrafa wannan totuwa ana mayar da ita lofen shan taba.

Asalin sana'ar yana komawa ga wani masassaƙi mutumin Holan, Henry Tibbe, wanda ya fara ta a shekarar 1869. Manoman yankin sun riga shi sanin ƙwaƙule totuwa da wuƙa su sanya mata bututun kara, sai dai nasu lofen ba ya jimawa wuta take cinye shi. Hikimar da Allah ya hore wa Tibbe ita ce ya daidaita totuwar a kan injin sassaƙa mai juyi, sa'an nan ya shafe bayanta da kwaɓin farin gari irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti, ya toshe ramukanta, ya goge ta har ta yi santsi. Kuma a 1878 hukuma ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha. Kamfanin da ya kafa, wanda tun 1907 ake kira Missouri Meerschaum, yana nan yana aiki har yau, yana amfani da wani irin masara mai kaurin totuwa da aka keɓe domin wannan aiki, kuma ba a taɓa totuwar sai ta yi kamar shekara biyu a ajiye tana bushewa.

Falalar da ma'abota lofe suke ambata wa na totuwa tana da yawa, kuma a ganina ba su yi ƙari ba. Lofen da manya suke alfahari da shi iri biyu ne: na saiwar wani itace da ke tsirowa a ƙasashen Bahar Rum, da na wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa kusa da Eskishehir a Turkiyya, na farkon sai an yi ta lallaɓa shi kwana da kwanaki kafin cikinsa ya yi baƙin ɓawon da zai kare itacen, kuma bayan an sha sai a bar shi ya huta ya bushe, na biyun kuwa ga tsada ga saurin fashewa in ya faɗi. Totuwa ba ta bukatar ko ɗaya daga cikin wannan hidima, saboda jikinta, kamar na sabuwar randa, cike yake da ƙananan kafofi masu tsotse laima, don haka hayaƙin yake fitowa a bushe, ba zafi ƙwarai, tun daga ranar farko. Ba ta da nauyi a haƙori, manomi yana iya riƙe ta a baki alhali hannuwansa suna kan aiki, kuma in ta ɓace a gona ko ta faɗa kogi, 'yan daloli kaɗan ne suka tafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba talakawa kaɗai suka riƙe ta ba. Mark Twain, shahararren marubucin nan haifaffen jihar Mizuri, ma'abocinta ne. Janar Douglas MacArthur kuwa, wanda ya jagoranci rundunonin Amurka a yaƙi da Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da dogon lofen totuwa aka san shi, har kamfanin yana ƙera wani samfuri da sunansa. Mutumin da yake da ikon sayen mai tsada ya zaɓi mai araha domin ya biya masa bukata, haƙiƙa ya fahimci wani abu na ƙana'a da nisantar almubazzaranci.

Sai dai wajibi ne a faɗi cewa arahar lofe ba ta rage illar abin da ake zubawa a cikinsa. Fuƙaha'u sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin taba: Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, yana cikin waɗanda suka halatta ta, wasu suka karhanta, wasu suka haramta, amma a zamaninsu likitoci ba su tabbatar da abin da suka tabbatar yanzu ba, cewa hayaƙinta yana jawo ciwon daji a leɓe da harshe da maƙogwaro ko da mai sha bai zuƙe shi zuwa huhu ba, shi ya sa malamai da yawa na wannan zamani suka karkata ga haramci.

Ta fuskar ƙira kuwa aibin totuwa ɗaya ne sananne, wato gindinta yana iya ƙonewa ya huje in aka tsananta mata wuta. Masu sana'ar sun magance wannan da cusa guntun katako mai tauri a ƙasan wasu samfuran, kuma irin waɗannan, in aka kula da su, suna yin shekaru a hannun mai su.