Kujerar gaban mota ba wurin yaro ba ce

Duk mai shiga mota daga Damagaram zuwa Mirya, ko Magarya, ko Tanut, ya san yadda ake yi. Ana ba mai goyo kujerar gaba don girmamawa. Sai ta kwance jaririnta ta rungume shi a cinya. Wani uban kuma yakan ɗora ɗansa kusa da direba don ya ga hanya. Nufin mai kyau ne, amma wurin nan ya fi kujerun baya haɗari ga yaro.

Ga dalili. Idan mota tana gudu, duk abin da ke cikinta yana gudu tare da ita. Idan raƙumi ko amalanke ya ratso titi, direba ya taka birki da ƙarfi ko ya yi karo, motar za ta tsaya. Jikin mutum kuwa ba zai tsaya ba, zai ci gaba har ya bugi wani abu. A gaba, abin da zai buga shi ne gilashi da allon da ke gaban kujera.

Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan lokaci, yaro mai nauyin kilo 10 yana iya fizgar hannun uwarsa da ƙarfin kilo 300, wato buhu 3 na hatsi. Wace uwa ce za ta iya riƙe buhu 3 da hannu biyu? Babu. In kuma ita ma ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne ɗan nata.

Yaro ba ƙaramin babba ba ne. Kan jariri ya kai kashi 1 cikin 4 na tsawon jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Shi ya sa kai ne ke fara yin gaba, raunin kai kuwa shi ne mafi muni.

Wani zai ce, to a ɗaura masa bel mana. Bel ɗin da muke gani yau, injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ne ya ƙera shi a 1959, kuma an auna shi da jikin babba. A jikin ƙaramin yaro yana bi ta wuya da ciki, maimakon kafaɗa da ƙugu. Kada kuma uwa ta haɗa kanta da ɗanta cikin bel guda.

Akwai kuma jakar iska. Motoci da yawa da aka shigo da su daga Turai suna da ita a ɓoye a gaban fasinja. Idan aka yi karo, tana fitowa kafin ƙiftawar ido, da gudun da zai iya kai kilomita 300 a awa. Tana ceton babba, amma a Amurka, cikin shekarun 1990, ta kashe yara da dama a ƙananan karo da manya suka fita lafiya. A Faransa doka ta hana ɗan ƙasa da shekara 10 zama a gaba, sai da wani uzuri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa haɗarin hanya ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Ta ce kujerar yara ta musamman tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100. Wannan kujera tana da tsada, kuma motocin tasha ba su da ita. Amma komawa baya ba ya buƙatar ko dala ɗaya. Mai goyo ta nemi kujerar baya tun a tasha, ko da an ba ta gaba. A kulle ƙofa, kada yaro ya leƙa ta taga ko ya tsaya da ƙafa. Bayan a-kori-kura, bisa buhunan kasuwar Dole, ba ya cikin abin da muke kira baya: can ya fi gaba ma haɗari.

Idan yaro ya bugu a kai, ko da bai zubar da jini ba, a lura da shi. In ya yi amai, ko barci mai nauyi, ko jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a kai shi gidan likita mafi kusa ko Babban Asibitin Damagaram nan take. A ɗauke shi a miƙe, wani ya tallafe kansa don kada wuya ya lanƙwashe.