Mai Juna Biyu da Aikin Dare: Barci Tukuna, Sannan Motsa Jiki

Ba kowace mai juna biyu ce ke kwana a gida ba. Akwai ma'aikatan jinya da ungozoma, akwai 'yan sanda mata, akwai masu aiki a masana'antu da gidajen rediyo. Idan kina cikinsu, wannan bayani naki ne, kuma yana da kyau maigida da sauran 'yan gida su karanta shi tare da ke. A wurin awo mukan ce ki riƙa motsa jiki, mukan kuma ce ki sami isasshen barci. To, wadda ta kwana a tsaye fa, da wanne za ta fara? Da barci za ta fara.

Me ya sa barcin rana ba ya ƙosarwa?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai aiki kamar agogo, kuma haske ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, jiki yakan saki wani sinadari mai suna melatonin wanda ke jawo barci. Da haske ya shiga ido sai sinadarin ya ragu. Shi ya sa barcin rana yakan zama gajere, ba ya kuma yin nauyi. Baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowace rana, balle ke da jikinki ke aikin mutum biyu.

Batun ba na gajiya kaɗai ba ne. A shekarar 2019 an wallafa wani bincike da aka yi a ƙasar Danmak kan mata masu ciki 22,744, akasarinsu ma'aikatan asibiti. An gano cewa daga mako na 8 na ciki, matan da suka yi aikin dare sau biyu ko fiye a mako guda, haɗarin ɓari ya ƙaru musu da kashi 32 cikin 100 a makon da ya biyo baya. Wannan ba ya nufin duk mai aikin dare za ta yi ɓari, amma ya isa dalilin da za ki faɗa mana irin aikinki tun awon farko. Tun shekarar 2000 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada a tilasta wa mai ciki aikin dare idan likita ya shaida cewa bai dace da ita ba. Saboda haka kada ki ji nauyin neman takardar likita don a mayar da ke aikin rana, ko a rage miki darare a jere.

Yadda za ki tsara yininki

Idan kin tashi aiki da safe, ki wuce gida kai tsaye, a bar kasuwa da wanki sai an jima. Ki sha ɗan koko ko kunu, ki watsa ruwa, ki kwanta. Ki rufe taga da labule mai kauri, ki kashe ƙarar waya, ki yi ƙoƙarin kai wa azahar. Kafin ki koma aiki ki ƙara kwanciyar awa ɗaya ko biyu don cike gurbin. Daga mako na 28 ki riƙa kwanciya a gefe, ba rigingine ba, domin nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya.

Ki kula da goro, shayi, kofi da lemon kwalba mai baƙi, domin duk suna ɗauke da sinadarin kafin mai hana barci, kuma yakan daɗe a jikin mai ciki fiye da na sauran mutane. Ki rage su, ki kuma daina taɓa su idan asuba ta kusa. Kada ki sha maganin barci ba da izinin likita ba. Idan aikinki a waje ne, ki sa tufafi mai dogon hannu saboda sauro, kada kuma ki tsallake maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a wurin awo.

Motsa jiki: yaushe, kuma nawa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce mai ciki da ba ta da wata matsala ta sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Yana rage haɗarin ciwon suga na lokacin ciki da ƙibar da ta wuce kima, yana kuma gyara barci. Tafiya da ɗan sauri ta wadatar. Lokacin da ya fi dacewa da ke shi ne bayan kin farka kin ci abinci, da la'asar sakaliya idan rana ta yi sanyi, ba da sassafe kina fitowa daga aiki ba. Ma'auninki shi ne numfashi: idan ba ki iya magana kina tafiya, ki sassauta. Ranar da barci bai samu ba, ki bar atisaye ki kwanta, ki rama a ranakun hutu. Tsayuwar dare a wurin aiki kuwa ba atisaye ba ce, ki riƙa zama kina ɗaga ƙafafu idan kin sami sarari.

Ki dakata, ki zo asibiti nan take idan kin ga jini ko zubar ruwa, ko kin ji jiri, ciwon ƙirji, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ko motsin jariri ya ragu.

Kira ga maigida da 'yan gida

Barcin da take yi da rana ba ragwanci ba ne, shi ne darenta. Maigida, ka hana a tashe ta don baƙo ko girki. Inna, a taimaka a kama mata yara har ta farka. Wanda zai iya raka ta 'yar tafiyar yamma, ya raka ta. Allah Ya raba lafiya.