Halstat: Garin Gishiri Da Baƙi Suka Yi Wa Yawa

A ƙasar Ostiriya, can tsakiyar Turai, akwai wani ɗan gari wai shi Halstat wanda mazaunansa ba su cika 800 ba, amma a watannin hutu akan sami ranar da baƙi wajen 10,000 za su kwararo cikinsa. Ba abin da ke kawo su sai kallo.

Abin kallon kuwa akwai shi. Garin a matse yake tsakanin dutse da tafki, har ya zamana gidajen sun hau bisa juna a jikin dutsen kamar sheƙar tsuntsaye. Zurfin tafkin ya kai ƙafa 400, ruwansa garau, in da sassafe ne sai mutum ya ga inuwar duwatsu da ta hasumiyar coci kwance a cikinsa. Wanda ya zo ta jirgin ƙasa shi ya fi morewa, domin tashar tana ƙetaren ruwa, sai an sa shi a jirgin fito, yana tafe garin na daɗa bayyana a gabansa. Kafin 1890 ma babu hanyar kirki, sai ta ruwa ko ƴar turbar ƙafa.

To, me ya kai mutane zama a wannan lungu? Gishiri ne. Masu binciken tarihi sun ce an yi shekara wajen 7,000 ana haƙarsa a dutsen da ke bisa garin, har gobe kuma ana yi. A cikin 1846 shugaban ma'aikatar, Johann Georg Ramsauer, ya gano wata tsohuwar maƙabarta, ya yi ta tono har kabari kusan 1,000, da takubba da kayan ado a ciki. Dalili ke nan da Turawa suka laƙaba wa wani zamani na tarihinsu sunan garin. Tun wajen shekarar 1600 kuma aka rarake gumagumai, aka jera su mil 25, ruwan gishiri na bi ta ciki zuwa garin Ebensee inda ake dafa shi.

Ƙarancin fili har matattu ya shafa. A da, in kabari ya daɗe akan tone shi a ba wani wuri, a adana ƙasusuwan cikin wani ɗaki. Akwai ƙoƙon kai wajen 1,200 a nan, kusan rabinsu an rubuta musu sunan mai shi, an zana furanni. Mai raunin zuciya gara ya tsaya daga ƙofa.

Sunan garin ya daɗa bazuwa bayan da Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, har a 2012 aka gina kwafinsa sukutum a lardin Guangdong na ƙasar Sin. Daga nan fa zama ya gagara. Galibin baƙin a manyan motocin safa suke zuwa, su ɗauki hoto, su leƙa tsakar gidan mutane kamar ba masu shi, su juya ba su yi wani ciniki ba. A 2020 aka ƙa'ide cewa kowace safa sai ta nemi lokaci tukuna, kuma ta tsaya aƙalla awa 2 da minti 20. A watan Mayu na 2023, hukumar garin ta kafa shingen katako a inda aka fi ɗaukar hoto, amma surutu ya sa aka cire shi cikin ƴan kwanaki. A watan Agusta kuma mazauna suka fito suka tare bakin hanyar mota da ke ratsa dutsen.

Wanda ke nufin zuwa hutu, abin da ya fi shi ne ya kwana, gama da yamma in motocin sun tafi garin yakan koma shiru. Sai dai masaukai kaɗan ne, ga tsada, don haka da yawa kan sauka a Obertraun, ƙauyen da ke ɗaya gefen tafkin, su shigo da sassafe.