Gyaran wayar tarakta: liƙi da dalma ko matsewa, wanne ya fi ƙarko?

Ruwa ya sauka, kowa na jiran haro, sai tarakta ta ƙi tashi. A duba batir lafiya, a duba mai akwai. Ƙarshe a gano wata 'yar waya ce da aka taɓa murɗewa da hannu aka naɗe da salatif, ta saki. Kwana biyu da aka rasa a farkon damina ba a cika maido su ba. Don haka yana da kyau manomi ya san yadda ake haɗa waya, ko da ba shi zai yi gyaran ba.

Hanyoyi biyu ne ingantattu. Ta farko, a narka dalma a kan mahaɗar. Ta biyu, a zura bakin wayar cikin ɗan bututun ƙarfe a matse da filayar da aka yi don wannan aikin.

Dalma tana kama wuta da kyau, kuma tana da araha. Wadda aka saba gani, mai kashi 60 na kuza da 40 na dalma, tana narkewa a wajen digiri 190. Matsalarta guda ce babba. Wayar mota siraran zaren jan ƙarfe ne da yawa, an yi ta haka ne don ta riƙa lanƙwasa. Idan dalma ta narke, sai ta bi cikin zaren ta sandare wurin. Tarakta kuwa jijjiga ce aikinta, daga inji har kunyoyin gona. Daidai inda taurin ya ƙare nan wayar ke ta lanƙwasa har ta karye, sau da yawa a cikin roba inda ido ba ya gani.

Matsewa ba ta da wannan illar, domin babu zafi a cikinta. Idan an matse sosai, zaren da bututun suna zama kamar abu ɗaya, iska ba ta samun wurin shiga, sauran wayar kuma tana nan da laushinta. Shi ya sa kamfanonin ƙera motoci suka fi dogara da ita. Amma fa sai da kayan aiki na gaskiya. Filayar gida tana baje bututun ne kawai, ba ta riƙe waya. Mahaɗa mai sako-sako zafi take yi, kuma zafi kusa da man dizil ko busasshiyar ciyawa gobara ce.

Kawunan matsewa suna da launi gwargwadon kaurin waya: ja na siririya, shuɗi na matsakaiciya, rawaya na mai kauri. Kar a cusa siririya cikin rawaya a ce ai ta shiga.

To wanne za ka zaɓa? Kusa da inji, wayar fitilu, wayar tirela, duk inda ake jijjiga, matsewa ta fi. Dalma ta dace da cikin rediyo, mita, ko allon na'ura, inda waya ba ta motsi. In dole ta sa ka yi liƙi a fili, ka sa dalma kaɗan, ka ɗaure wayar ta ɓangarori biyu don kar mahaɗar ta riƙa kaɗawa. Kuma ka guji ruwan liƙi mai asid irin na masu gyaran lagireto, cin jan ƙarfe yake yi a hankali.

Ga abin da za ka kula da shi ko kana tsaye kan mai wayarin:

1. A fara cire kan batir na nagatif kafin a taɓa komai.
2. A yanke waya har sai an kai inda jan ƙarfen ke sheƙi. Baƙi ko kore alamar ya ci ne.
3. Sabuwar wayar kar ta gaza tsohuwar kauri. A kankare ta, in cikin ya fito fari, alminiyon ne aka shafe.
4. Bayan matsewa a ja da hannu. In ta zare, a sake.
5. A rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, musamman mai gam a ciki. Ruwa da ƙurar taki suna saurin cinye mahaɗa.
6. In fis ya ƙone, a nemo dalili, kar a maye gurbinsa da waya.

Lokacin duba wayoyi shi ne rani, tarakta na ajiye, ba ranar da maƙwabta suka fara shuka ba.