Daga Gaya Zuwa Akara: Yadda Iyali Za Su Ga Teku Da Ɗan Abin Da Ke Hannu

 

Idan aka ce yawon buɗe ido a ƙasar waje, da yawanmu a nan Gaya da Ajingi sai mu ɗauka zance ne na matan manya, masu hawa jirgi zuwa Dubai ko Masar. To 'yar uwa, akwai wani birni a bakin teku da ake zuwansa a mota, ba a neman biza, kuma in kin isa da Hausa za ki yi cinikin koko da ƙosai. Wannan birni shi ne Akara, babban birnin ƙasar Gana. Gidan da ya iya tara kuɗin kayan ɗaki ko na babur zai iya tara na wannan tafiya, in dai an yi shiri kuma an san abin da aka je yi.

Me ya haɗa mu da Akara?

Tun kafin zuwan Turawa fataken ƙasar Kano suke bin hanyar Gwanja da jakunansu, su kai kanwa da tufafi, su dawo da goro daga kasuwar Salaga. Da yaƙi ya tarwatsa Salaga a 1892, Hausawan da ke can suka bazu zuwa wasu garuruwa, har bakin teku. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, mahaifiyarsa 'yar kasuwa ce da ta zauna a Akara. Shi ma ya bi ta can, kuma daga gaɓar Gana ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Unguwar Sabon Zango kuwa Malam Baƙo ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 20, mahaifinsa mutumin Katsina ne.

A ƙarshen 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi marasa takardu daga Gana, mutanenmu da dama suka dawo gida, wasu kuma suka zauna. Haka aka raba wa da ƙani, aka raba 'ya da uwa. Ki tambayi tsofaffin gidanku, ba mamaki ki ji an ce akwai wani kawu ko wata gwaggo da ta yi aure a Gwanja ba ta dawo ba. Jikokinsu suna nan a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, kuma duk tsohon da ya rasu a nan ko a can, igiyar zumuncin ƙara sirancewa take yi. Saboda haka kafin komai, a nemo lambar wayar dangi. Da ita za a sami lada, da ita kuma za a sami masauki, wanda shi ne yake cinye kuɗin matafiyi a kowane birni.

Shiri tun daga gida

Abu na farko shi ne abokin tafiya. Mace ba ta ɗaukar irin wannan hanya sai da mijinta ko muharraminta, kuma tafiyar da ta ratsa ƙasashe huɗu tana buƙatar namijin da zai tsaya gaban jami'ai.

Na biyu takardu. Nijeriya da Binin da Togo da Gana duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka ɗan Nijeriya yana iya shiga ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma kowa sai da fasfonsa, har jariri. Akwai kuma katin allurar rigakafin shawara, wanda ake tambaya a kan iyaka, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Kada a bari sai an zo tafiya a ce za a yi.

Na uku lokaci. Watan Yuni ruwa yana yawa a Akara har ya yi ambaliya. A Disamba baƙi suna cika garin, komai ya yi tsada. Agusta akwai sanyi-sanyi kuma yara suna hutu, sai dai a nan gida lokacin aikin gona ne. Ga gidan manomi, Janairu ko Fabrairu sun fi, an gama kaka an sayar da gyaɗa da riɗi, sai a duba kada tafiyar ta ci karatun yara.

Na huɗu kuɗi. Ki shiga adashi tun da shekara guda, ki nemi a ba ki kwasar da ta dace da lokacin tafiyar. Kuɗin mota na zuwa da dawowa a ware shi daban, kada a taɓa na dawowa ko da me aka gani a kasuwa. A raba sauran tsakaninki da maigida, kada a tara shi a aljihu ɗaya.

A kan hanya

Daga Gaya sai Wudil sai Kano, inda ake shiga manyan motocin Ikko, tafiyar kusan kilomita 1,000. A huta a Ikko kwana ɗaya in da hali, musamman in da yara. Daga nan zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, amma yana iya cin yini guda saboda iyakoki uku: Seme tsakaninmu da Binin, Hilakonji tsakanin Binin da Togo, sai Aflawo tsakanin Togo da Gana. Motar da ke zuwa Akara kai tsaye ta fi tsada, amma ta fi sauƙi ga mai iyali fiye da sauka ana sake mota a Kwatano da Lome da kaya niƙi-niƙi. Tsohuwar hanyar arewa ta Nijar da Burkina Faso kuwa a bar ta, domin akwai matsalar tsaro, kuma ƙasashen biyu sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Guzuri yana rage kashe kuɗi sosai. Ki yi dambun nama da cincin, ki ɗauki ƙuli-ƙuli da garin kwaki da dabino. A Binin da Togo sefa ake kashewa, a Gana kuma sidi. A canza kaɗan-kaɗan, a ƙirga a gaban mai canjin kafin a matsa.

Kada salla ta zama abin da ake tarawa sai an sauka. Matafiyi yana da rangwamen kasaru, azahar da la'asar da isha su koma raka'a biyu-biyu, kuma yana iya haɗa azahar da la'asar, ko magariba da isha. A mazhabar Malikiyya, in an yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, to kasaru ta ƙare, sai a cika. Ki riƙe ƙaramar buta da darduma a jakar hannu. Da kun shiga Togo kuma a mayar da agogo baya da awa ɗaya.

Abin da za a gani

A zango za ki ji kamar ba ki bar gida ba. Ga kiran salla, ga Islamiyyu da suke kira makaranta, ga tuwon zafi, ga shinkafa da wake da duk Gana ke kira wake, sunan da suka ara daga bakinmu. Hausarsu ce za ta ba ki dariya da farko, don ba su cika bambanta namiji da mace ba, sai ki ji an ce yarinya ya zo. Ki ja kunnen yara kada su yi wa kowa dariya a gidansu.

A yi sallar Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, kusa da Nima, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkawa, an gina shi da siffar masallatan Istanbul. A shiga ƙananan bas da suke kira torotoro, su ne mafi arha, a je kasuwar Makola inda mata ne ke riƙe da yawancin ciniki. Ba nisa daga nan akwai makwancin Kwame Nkrumah, a filin da ya yi shelar 'yancin Gana ranar 6 ga Maris, 1957. Ana biyan kuɗin shiga, kuma na baƙo ya fi na ɗan ƙasa. A unguwar Jemistawun akwai hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, da kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala. Kada a je ranar Talata in ana son ganin fitowar kifi, don a al'adarsu ba a shiga teku kamun kifi a ranar.

In kuɗi ya yi saura, a ware yini guda a je Elmina, yamma da Akara, a ga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Yaron da ya tsaya a cikin waɗannan ɗakuna masu duhu ba zai manta darasin ba. Alƙur'ani ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama kan tafiya a bayan ƙasa don ɗaukar izina, kuma irin wannan wuri yana cikin abin da ake nufi.

Teku ba kogin Wudil ba ne

Nan ne nake so ki fi natsuwa, uwargida. Tekun wannan yanki yana da igiyar da ke ja ta ƙarƙashi, tana iya kwashe babban mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa. Yaron da ya saba wanka a kududdufi zai ɗauka ya iya ruwa. Ki riƙe hannunsa, ya jiƙa ƙafa a bakin yashi, iyakarsa ke nan. Wuraren shaƙatawa irin su Labadi ana biyan kuɗin ƙofa, kuma Asabar da Lahadi akwai kiɗa da giya da shigar da ba ta dace da idon 'ya'yanmu ba. A je da safe a tsakiyar mako, lokacin babu jama'a, ki zauna da hijabinki ki kalli ikon Allah a tsanake. In salla ta riske ku a can, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Abinci kuma a ci a zango ko wurin Musulmi, don a wasu wuraren ana sayar da naman alade.

Haƙƙin mai masauki

Sauka a gidan dangi ba ya nufin a ɗora musu nauyi. Ɗakuna a zango ƙanana ne, rayuwar birni kuma da tsada. Ki kai musu tsarabar gida: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, turaren wuta, da hula ga maigidan. Ki sa hannu a cefane, ki shiga madafa, kuma a faɗi ranar tafiya tun ranar isowa. Wajen dawowa, turmin atamfa ɗaya ko biyu da sabulun Gana da ɗan goro ga tsofaffi sun isa. Kada a ci bashi don tsaraba. Ki rubuto sunayen dangin da kuka gani da na 'ya'yansu da lambobinsu, ki kawo wa tsofaffin gida, ki kuma koya wa yaranki su riƙa kiransu ranar salla.

Allah Ya hore mana abin tafiya, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.